Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Baƙin Mai na Injin Yankan Ciyawa a Arewacin Kamaru da Chadi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kula da lambunan gidaje, da ma'aikatan otal-otal da makarantu, da masu gyaran filayen ƙwallo suka fi maimaitawa daga Ngaundere har zuwa Njamena. Yawancin injunan da ke hannunmu an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi, wasu kuma na hannu ne da suka iso ba tare da littafinsu ba, shi ya sa amsoshin suka yi la'akari da zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu.

1. Wane irin mai ne injin yankan ciyawa yake buƙata?

Kafin a yi maganar suna ko lamba, sai an fara sanin irin injin, domin iri biyu ne kuma mansu ba ya haɗuwa. Injin da ake turawa a kan ƙafafu huɗu, da babban da ake hawa kamar ƙaramar tarakta, kusan dukkansu masu bugu huɗu ne: fetur yana da tankinsa daban, baƙin mai kuma yana da mazauninsa a gindin injin, da murfi mai ɗauke da gejin aunawa. Irin wannan yana shan man da aka rubuta 4T a jikinsa, ko man injin mota mai amfani da fetur. Wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai doguwar sanda da wuƙa ko igiyar roba a bakinta, mafi yawansa mai bugu biyu ne, ba shi da mazaunin mai, sai dai a gauraya masa man 2T a cikin fetur.

Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce ƙirga murafu. Idan murfi biyu ne, ɗaya na fetur ɗaya na mai, to mai bugu huɗu ne, kuma amsoshi na 2 zuwa na 11, da na 13 da na 14, nasa ne. Idan murfi ɗaya ne tak, sai a wuce amsa ta 12.

2. Me lambobin SAE 30, 10W-30 da 20W-50 suke nufi?

Lambobin suna bayyana kaurin mai, kuma wata ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka ce ta tsara su, wadda SAE taƙaitaccen sunanta ne. Kowane mai yana yin kauri idan ya yi sanyi, ya tsinke idan ya yi zafi, kamar yadda man gyaɗa yake yi a cikin kasko. Lambar ƙarshe, wato 30 ko 40 ko 50, tana nuna kaurin da ya rage wa man idan zafinsa ya kai digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, kuma mafi girman lamba shi ne mafi kauri. Lambar da ke gaban harafin W kuwa tana nuna yadda man yake gudana da sanyi, W ɗin ma harafin farko ne na kalmar Turanci mai nufin lokacin sanyi.

Saboda haka SAE 30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne idan injin ya ɗauki zafi, bambancinsu yana wajen tayarwa da sanyi. A ƙasar da ruwa ke daskarewa wannan bambanci babba ne. A Garwa ko Marwa, inda ko a tsakiyar hunturu sanyin asuba bai cika sauka ƙasa da digiri 14 ko 15 ba, lambar W ba ta da nauyi sosai, lambar ƙarshe ce abin dubawa.

3. To wanne ne ya dace da zafin yankinmu?

Ga yawancin injunan turawa, SAE 30 shi ne zaɓin da ba a cika yin da-na-sani a kansa ba. Kamfanin Briggs & Stratton, wanda injinsa ke kan ɗimbin waɗannan na'urori, ya ba da shawarar SAE 30 muddin yanayi ya haura digiri 4 ko 5, ya kuma yi gargaɗin cewa 10W-30 na gama-gari yana iya saurin ƙarewa idan zafi ya wuce digiri 27. Honda kuwa ta fi son 10W-30 a injunanta na GCV da GX, amma jadawalinta ya amince da SAE 30 a yanayi mai ɗumi. Dalilin gargaɗin shi ne waɗannan injuna ba su da lagireto, iska kaɗai ke sanyaya su, don haka mansu yana ɗaukar zafin da ya fi na mota, alhali injin yana juyi wajen sau 3,000 a minti ɗaya ba hutawa.

Sai dai a tuna cewa ciyawa da damina take tsawo, kuma a watan Agusta zafin rana a Garwa da Njamena yakan tsaya ne wajen digiri 30 zuwa 32. Mai gidan da ke fito da injinsa daga Yuni zuwa Oktoba kawai, SAE 30 ya ishe shi. Lissafin yana sauyawa ne ga waɗanda ke shayar da ciyawa duk shekara, irin otal-otal da manyan filayen wasa kamar na Roumdé Adjia a Garwa, wanda aka buga wasannin gasar cin kofin Afirka a cikinsa a farkon 2022. Mai yanka a irin wannan wuri a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 ko ya wuce, zai fi samun natsuwa da SAE 40, ko 15W-40, ko 15W-50, wanda Briggs & Stratton ɗin ma ya ware don aikin da ba a tsayawa.

Ngaundere ta fita daban, domin tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100, daminarta ta fi tsawo, safiyarta kuma ta fi sanyi. A can 10W-30 yana aiki lafiya, in dai ana duba geji kamar yadda aka bayyana a amsa ta 7. Wanda kuma yake da littafin injinsa a hannu, ya buɗe shafin jadawalin zafi ya bi abin da ya gani, domin maganar maƙerin inji tana gaba da ta kowane mai sayar da mai.

4. Ana iya zuba man babur na 20W-50, tun da shi ne ya fi samuwa a ko'ina?

Ana iyawa, kuma injuna da dama a garuruwanmu da shi suke rayuwa, amma ba shi ne na farko a jeri ba. Yawancin ƙananan injunan turawa ba su da famfon mai. Wani ɗan cokali ne ko ƙaramin fanka a ciki yake watsa man ya fantsama a kan fistan da sauran ƙarafa. Mai kauri da yawa ba ya fantsama da sauri a mintocin farko, kuma a nan ne ƙarafa suka fi cin juna. A tsohon injin da ya riga ya saki, wanda yake shan mai yana ɗan hayaƙi, 20W-50 yana taimakawa da bazara, Kawasaki ma ta ambata cewa yana iya rage shan mai a yanayi mai tsananin zafi. A sabon inji kuwa, musamman da sanyin safiya, gara SAE 30.

Alamar JASO MA da ake gani a jikin man babur ta shafi kulocin babur ne wanda yake jiƙe a cikin mai. Injin ciyawa ba shi da irin wannan kuloci, don haka alamar ba ta ƙara masa komai, ba ta kuma cutar da shi.

5. Haruffan API SJ, SL, SN fa? Kuma man manyan motocin dizal yana yi?

Lambar SAE kauri kawai take faɗa, ingancin sinadaran da aka zuba a cikin man kuwa haruffan API ne ke nuna shi, wato ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka. Harafin S na injin fetur ne, C na dizal, harafi na biyu kuma yana matsawa gaba ne duk lokacin da aka fito da sabon mizani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Honda tana neman SJ ko abin da ya zo bayansa, kuma wanda ya riƙe wannan a matsayin iyakar ƙasa ya wadatar a kusan kowane inji. Galan ɗin da aka rubuta SA ko SB a jikinsa, ko wanda babu API sam, a bar shi a kan kanta, domin ba shi da sinadaran da ke wanke datti su riƙe shi har ranar juye.

Man dizal na 15W-40 yakan zo da alama biyu, misali CI-4/SL. In dai akwai S ɗin a jiki, ya halatta a injin fetur, kuma ga wanda yake da janareto da famfon ban ruwa da injin ciyawa a wuri guda, wannan yana ba shi damar sayen galan ɗaya ya raba musu.

6. Shin man sintetik ya cancanci tsadarsa?

Man sintetik, wato wanda aka haɗa da sinadarai a masana'anta, ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya zama kwalta, kuma 5W-30 na sintetik yana cikin abin da Briggs & Stratton ya amince da shi a kowane yanayi. Amma yawancin injunan turawa ba su da filtar mai, duk ƙurar da ta shiga da ɓurɓushin ƙarfe a cikin man suke zama, mai tsada ne ko mai araha. Don haka sintetik ba ya tsawaita lokacin juye da aka faɗa a amsa ta 8. A ganinmu, wanda kuɗinsa ba su da yawa gara ya sayi man gama-gari na gaske ya riƙa juyewa a kan lokaci, da ya sayi sintetik ya bar shi shekara guda yana jin tausayin zubarwa.

7. Nawa ake zubawa, kuma yaya ake auna shi daidai?

Injin turawa yana ɗaukar tsakanin lita 0.45 zuwa 0.6, wato rabin lita ko ɗan sama da haka, na hawa kuma tsakanin lita 1.4 zuwa 1.9. Kuskuren da aka fi yi shi ne juye kwalbar lita guda gaba ɗaya a ƙaramin inji da tunanin cewa yawa alheri ne. Idan mai ya wuce ƙima sai ya yi kumfa, ya bi ta bututun numfashi ya jiƙe filtar iska, ya ɓata fulogi, wanda makanikanmu ke kira buji, injin ya kama tuƙa hayaƙi. A fara zuba kashi uku cikin huɗu, a jira minti ɗaya ko biyu, a auna, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai alamar sama.

Ana aunawa ne injin yana kashe, a kan ƙasa mai daidai, bayan an goge gefen murfin don kada rairayi ya faɗa ciki. Akwai wani ɗan bambanci da ke ruɗa mutane: a injunan Honda ana zura geji ne a ɗora shi kawai ba a murɗa ba, a yawancin na Briggs & Stratton kuwa sai an murɗa shi ya zauna sannan a cire a karanta. Wannan dubawa ta kowace rana ce kafin a ja igiya, domin yawancin injunan ciyawa ba su da na'urar da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa, irin wadda ake samu a janareto da yawa. Sabon inji kuma daga kwali yakan zo ne babu ko ɗigon mai a cikinsa, duk wanda ya tayar da shi haka, injin zai buga cikin 'yan mintoci.

8. Bayan tsawon wane lokaci ake juyen mai?

Da awannin aiki ake lissafi. Sabon inji ana juye masa bayan awa 5 na farko, saboda a lokacin ne ƙarafa ke gogar juna suna zubar da ɓurɓushi. Bayan haka ƙa'idar gama-gari ita ce awa 50 ko sau ɗaya a shekara ga injin turawa, wanda duk ya riga zuwa, awa 100 kuma ga na hawa mai filta. Sai dai littattafan injunan da kansu sun ce a gajarta wannan lokaci idan akwai ƙura ko tsananin zafi, mu kuwa ba mu rasa ɗayan biyun, don haka awa 25 shi ne lissafin da ya fi dacewa da rani da bazara.

A aikace, mai gidan da ke yanka awa ɗaya a mako zai juye sau ɗaya a farkon damina, sau ɗaya a ƙarshenta. Wanda yake yawo da inji gida-gida yana aikin awa huɗu kullum kuwa, mako guda ya cika awa 25, kuma da yawa daga masu wannan sana'a ba su taɓa yin wannan lissafi ba sai ranar da injin ya tsaya. Akwai sababbin injunan da ake tallata cewa ba sa buƙatar juye, sai dai ƙari kawai; shawararmu ita ce ko su a juye musu sau ɗaya a shekara, domin ba a yi wannan alkawari da ƙurar hunturun Kusseri a zuciya ba.

9. Yaya ake yin juyen ba tare da an ɓata wani abu ba?

A tayar da injin ya yi minti uku zuwa biyar don man ya tsinke ya kwaso dattin da ya kwanta, sannan a kashe, a cire wayar fulogi, domin wuƙar tana iya tayar da injin idan hannu ya juya ta. A rufe makunnin fetur in akwai, ko a bari tankin ya kusa ƙarewa. Wasu injunan suna da kusar juye a ƙasa, wasu kuma sai an karkata su man ya fito ta bakin da ake zubawa. Wajen karkatawa, ɓangaren filtar iska da kafireta shi ne zai kalli sama. Idan aka yi akasin haka man zai malala cikinsu, kuma daga nan ne yawancin hayaƙin da aka ambata a amsa ta 13 yake samo asali. Ranar juye ita ce kuma ranar wanke filtar iska ko sauya ta, domin ta nan ne ƙura ke bi ta isa cikin mai.

10. Idan mai ya yi ƙasa, ana iya ƙarawa da wani iri daban?

Ana iyawa, muddin dukkansu man inji ne na bugu huɗu. SAE 30 da 15W-40 suna gaurayuwa, haka ma sintetik da na gama-gari, kuma gara gauraye da a yi aiki da ƙarancin mai. Abin da ba a zubawa ko kaɗan shi ne man giya, da man birki, da man 2T, da man da aka juye daga mota.

11. Yaya za a gane mai na jabu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dukkan maganar lambobi muhimmanci a kasuwanninmu, domin lambar da ke jikin galan ba ta da amfani idan abin da ke ciki tsohon mai ne da aka tace aka sake ɗurawa. Man da ake aunawa a kwalbar ruwa a bakin titi, kusa da masu sayar da zuwa-zuwa, wato fetur na fasa-ƙwauri, babu mai iya rantsewa a kan asalinsa, shi kansa mai sayarwar sau da yawa bai sani ba. Tun da rabin lita kawai injin yake ci, bambancin farashi tsakanin wannan da rufaffen galan na gidan mai bai kai kuɗin buɗe inji sau ɗaya ba.

A duba zoben murfin ko yana nan a manne bai tsinke ba, da takardar azurfar da ke ƙarƙashinsa, da lambar ƙira da kwanan wata da aka buga a jikin robar, da rubutun ko ya fita tsaf ba kuskuren haruffa. Sabon mai launin zuma gare shi, garau yake, ba ya warin ƙuna, kuma idan aka ɗiga shi a farar takarda ba ya barin baƙin ɗigo a tsakiya. Bayan an gama da galan, a huda shi kafin a yar, domin irin waɗannan galan-galan na gaske ne masu jabu ke saye su cika.

12. Injin ratayawa mai bugu biyu fa, yaya ake gauraya masa?

Man 2T ake zubawa a cikin fetur bisa ma'aunin da maƙerin ya faɗa. Ma'aunin 50:1, wanda kamfanin Stihl ke amfani da shi, yana nufin mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, wato mililita 100 a lita 5. Ma'aunin 40:1 mililita 25 ne a lita, 25:1 kuma mililita 40, kuma wannan na ƙarshe shi ake yawan gani a rubuce a jikin injunan Sin masu araha. A auna da sirinji ko da ƙaramin kofi mai lamba, kada a auna da ido, a gauraya a cikin jarka daban a girgiza sosai kafin a ɗura a tanki. Idan mai ya yi kaɗan fistan zai kama, idan ya yi yawa salansa za ta toshe da baƙin toka.

A nemi alamar JASO FC ko FD, ko API TC. Mutanen da ke kusa da tafkin Lagdo da kogin Logon su lura da cewa man injin kwalekwale mai alamar TC-W3, ko da yake shi ma na bugu biyu ne, an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa, bai dace da wanda iska ke sanyayawa ba. Gaurayen kuma kada ya wuce wata ɗaya a ajiye, a zafin bazara ma gara a riƙa haɗa na mako-mako.

13. Injina yana hayaƙi, ko kuma launin man ya sauya. Laifin man ne?

Ba kullum ba. Hayaƙi fari mai ɗan shuɗi alama ce ta mai yana ƙonewa, kuma idan ya fara ne bayan juye ko bayan an karkata injin, to mai ne ya yi yawa ko ya shiga inda bai kamata ba, zai kuma wuce bayan an rage shi an bar injin ya yi aiki na 'yan mintoci. Idan hayaƙin ya zama na kullum kuma geji yana sauka kowace rana, zoben fistan ne ya cinye. Mai kauri zai rage abin na ɗan lokaci, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 4, amma maganinsa na wajen makanike. Baƙin hayaƙi kuwa na fetur ne, yawanci filtar iska ce ta toshe.

Yin baƙi kaɗai ba aibi ba ne, domin aikin man ke nan ya kwashi datti. Abin tsoro shi ne a ga geji ya ƙaru da kansa kuma man yana warin fetur, wanda ke nuna kafireta tana yoyo cikin inji, ko a ga man ya koma kamar shayi da madara, wato ruwa ya shiga, ko dai na sama ko na wanki. A duka biyun a daina aiki, a gyara musabbabin, a juye nan take.

14. Idan damina ta wuce za a ajiye injin, da tsohon mai za a bar shi ko da sabo? Ina kuma za a kai wanda aka juye?

Da sabo za a ajiye shi, domin tsohon mai yana ɗauke da tsami da danshi waɗanda ke cin ƙarfe a hankali cikin watanni shida ko bakwai na rani. A juye a ƙarshen Oktoba, a tayar da injin minti biyu don sabon man ya zagaya, a ƙarar da fetur ɗin da ke tanki da kafireta, sannan a rufe shi a inuwa inda ƙura ba za ta cika shi ba. Ragowar man da ke galan a ɗaure murfinsa sosai a ajiye a ɗaki, ba a rana ba, zai kai damina mai zuwa.

Wanda aka juye kuwa a tara shi a jarka mai murfi a kai gareji ko gidan mai da ke karɓa. Kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, domin yana nitsewa ya gurɓata ruwan sha, kuma kada a shafa shi a ciwon dabba ko a fatar mutum kamar yadda wasu ke yi, saboda yana ɗauke da guba daga ƙonewar fetur. Wanda ya taɓa shi wajen juye ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya ci abinci.